Waiwaye: Ƙwayoyin NK da neman ƙarfafa garkuwar jiki a farkon kamuwa da HIV

A shekarar 1975, tun kafin a san da ƙanjamau, Rolf Kiessling da abokan aikinsa a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka gano wasu fararen ƙwayoyin jini masu afka wa ƙwayar jikin da ta lalace ba tare da sun taɓa haɗuwa da cutar ba. Su ake kira NK, wato "natural killer", masu kisa bisa ɗabi'a. Wasu dakarun garkuwa sai sun ɗauki kwanaki suna koyon kamannin maƙiyi, su kuwa a shirye suke.

Aikinsu kamar na mai gadin ƙofa ne. Kusan kowace lafiyayyar ƙwayar jiki tana ɗauke da shaida a fatarta, ana ce mata HLA. Wadda aka samu babu shaida, sai a kashe ta. HIV kuma ba ta rasa dabara ba: tana ɓoye nau'in A da B na shaidar don kauce wa ƙwayoyin T, wasu dakarun garkuwa masu gane ƙwayar da ta kamu ta wannan shaida, ta bar wani ɓangare a fili don mai gadi ya ba ta hanya. A makonnin farko na kamuwa, lokacin da mutum ke jin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro yana zaton maleriya ce, wannan kokawa ake yi a jikinsa.

Da aka ga cutar na cinye ƙwayoyin CD4, wani nau'in ƙwayoyin T masu jagorantar garkuwar jiki, sai masana suka ce a ƙara yawansu mana. Aka gwada allurar IL-2, sinadarin da ke sa ƙwayoyin T su yawaita, tare da maganin rage kaifin cutar a manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, kan mutum sama da 5,000. Sakamako ya fito a 2009. Adadin CD4 ya hau, amma rashin lafiya da mutuwa ba su ragu ba, ga zazzaɓi da kasalar da allurar ke jawowa. Wannan sakamakon nake tunawa duk sanda na ji mai lasifika a kasuwa yana tallar maganin "ƙarin garkuwa", domin akwai masu ajiye maganin asibiti saboda irin wannan talla, kuma abin yana ci mini rai.

Hankali ya sake komawa kan NK ta wata hanya. A 2002 tawagar Mary Carrington a Amurka ta nuna cewa masu wani haɗin gado na KIR3DS1, abin gane shaida da ke fatar NK, da wani nau'in HLA-B sun fi jinkirin kaiwa matakin ƙanjamau. A 2013 kuma aka ba da rahoton mutum 14 a Faransa, rukunin VISCONTI, da suka fara magani cikin makonnin farko, suka sha na shekaru, suka daina, cutar ba ta taso ba. Ana zaton NK na da hannu a wannan, amma irinsu ƙalilan ne. Yawancin masu dainawa cikin makonni take dawo musu.

Yanzu ana gwada N-803, magani mai kwaikwayon IL-15, sinadarin jiki da ke zaburar da NK, wanda ya ƙara yawansu a wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2022. Ana ba da shi ne tare da maganin kullum, kuma game da HIV har yau a matakin bincike yake.