Lambar jikin mota ba ta isa shaidar asali ba

Masu sha'awar tsofaffin motocin tseren Amurka sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar lambar shaidar mota, wadda ake kira VIN, ta yi daidai, to an tabbatar da asalinta. Wannan kuskure ne mai tsada, kuma Chevrolet Camaro ta shekarar 1969 ta isa misali.

A waccan shekarar, wasu dillalai sun bi ta tsarin odar musamman na kamfanin Chevrolet da ake kira COPO suka sa masana'anta ta ɗora wa Camaro babban injin 427 (girmansa ke nan a ma'aunin inci kubik) domin tseren miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil. Guda 69 kacal aka ƙera masu injin alminiyam na ZL1, kuma dillali Fred Gibb na jihar Illinois ne ya yi odar 50 daga cikinsu. Sai dai lambar VIN ta wancan zamani tana nuna cewa injin mai silinda takwas ne kawai, ba ta fayyace wane iri ba, kuma ana iya cire farantinta a manna wa gangar wata motar.

Saboda haka ƙwararre yakan duba lambobin da aka buga a jikin injin da giyabos, ya karanta alamar BE, wato shaidar akasil na motocin COPO, a kan akasil na baya, sannan ya kwance fankar na'urar ɗumama ciki domin ya ga lambar da aka ɓoye a ƙarfen gangar, ya kwatanta duka da takardun dillali. Abin da ke ƙara wahalar aikin shi ne, da yawa daga cikin motocin sun sha tsere har injinansu suka fashe aka musanya su, don haka wadda ta tsira da injinta na asali ta fi mai sabon fenti daraja nesa ba kusa ba.