"Hun" a Sikotland: zagi ne, ya wuce barkwancin ƙwallo

Tun lokacin da 'yan wasan Najeriya Joe Aribo da Leon Balogun suka buga wa ƙungiyar Rangers ta birnin Gilasgo wasa, matasanmu da yawa suka fara bin ƙwallon Sikotland, har wasu suka kwaso kalmar "hun" suna jifan juna da ita. A zatonsu laƙabin magoya bayan Rangers ne kawai, irin tsokanar da ake yi a gidan kallon ƙwallo. Wannan kuskure ne, kuma har a can Sikotland akwai masu kare shi.

Kalmar ta jiɓinci addini. An kafa ƙungiyar Celtic, abokiyar hamayyar Rangers, a 1887 domin ciyar da talakawan Katolika da suka yi ƙaura daga Ayalan zuwa birnin Gilasgo. Rangers kuwa ta zama ta 'yan Furotesta, ta yi shekaru da dama tana ƙin sayen fitaccen ɗan Katolika, sai a 1989 da ta ɗauki Mo Johnston. Shi ya sa idan aka ce wa mutum "hun" a titi ko a cikin bas, sau da yawa ɗarikarsa ta Furotesta ake nufi, ko da bai taɓa leƙa Ibrox, filin wasan Rangers, ba. Tun a 2003 ma dokar Sikotland ta tanadi ƙara nauyin hukunci idan laifi ya haɗa da ƙiyayyar addini.

Akwai wasu kalmomin masu ɗan sauƙi. "Prod" da "Proddy" gutsuren kalmar Furotesta ne, aboki kan faɗa wa aboki a yi dariya, amma a bakin baƙo suna iya tada faɗa. Ni dai raina yana ɓaci idan na ga yaron Kano yana rubuta wa wani zagin addinin da bai san asalinsa ba.