Ƙa'idojin kula da dabbobin gida a ƙasar Katsina

Ƙa'idojin kula da dabbobin gida su ne sharuɗɗan da addini, ko al'ada, ko dokar gwamnati ke ɗora wa wanda ya ajiye dabba a hannunsa: ci da sha, wurin kwana, magani, da iyakar aikin da za a sa ta. Sun fi shafar mutum biyu, wato mai kiwo don ya sayar da 'ya'yan dabba, da wanda ke tsintar ɓatacciya ko yasasshiya ya riƙe ta. A ƙasar Katsina da Daura dabbobin da ake nufi sun haɗa da dawaki, jakuna, karnuka, kyanwowi, zomaye, tattabaru, ɗawisu da aku, ban da shanu da awaki da tumaki waɗanda tsarin kiwonsu daban yake. Mafi yawan abin da mutane ke bi har yau ya girmi dokar gwamnati nesa ba kusa ba.

Tushe a fiƙihun Malikiyya

Katsina gari ne na karatu tun wajen ƙarni na 15, kuma littattafan fiƙihun da ake bi a zaurukan malamanta sun yi maganar dabba dalla-dalla. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ya rasu a Masar a ƙarni na 14, ya sa ciyar da dabba cikin babin ciyarwa, tare da ciyar da iyali. Hukuncinsa shi ne ciyar da ita wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuwa ya ƙi, a sayar da ita. Haka nan in ya riƙa ɗora mata aikin da ba ta iyawa. Nono ma an yi masa iyaka: ba a tatsa har ɗan ya cutu. Abin lura a nan shi ne hukuncin bai tsaya ga wa'azi ba, ya ba alƙali ikon raba mutum da dabbarsa saboda rashin kula, abin da dokokin Turai ba su kai gare shi ba sai bayan ɗaruruwan shekaru.

Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta fi shiga ƙananan abubuwa. Ta halatta dandaƙe tumaki da awaki don gyaran nama, ta hana dandaƙe dawaki, ta karhanta yi wa dabba lalas a fuska amma ta yarda a yi a wani wuri na jiki. Game da kare, ta ce ba a ajiye shi a gida sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci, ba ta nishaɗi ba. Ta kuma kawo hani a kan sayar da karnuka, da saɓanin malamai a kan sayar da wanda aka yarda a ajiye, sannan ta ce wanda ya kashe irin wannan kare sai ya biya ƙimarsa. Masu sharhi sun kawo labarin cewa shi marubucin da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, kuma da wannan ne malamai da yawa na baya suka kafa hujjar ajiye karen gadi.

A ƙarƙashin duk wannan akwai hadisai biyu da ko yaron makarantar allo ya sani, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishi. Buhari da Muslim duk sun ruwaito su.

Fada, kasuwa da cigiya

Dabbar da ta fi samun gata a tarihin ƙasar ita ce doki. A tsarin sarautar Hausa Shamaki ne ke da alhakin bargar sarki, kuma aikin barga yana da tsari: a share turke da sassafe, a goge doki, a duba kofato, a ba shi dawa ko gero da dusa, a jiƙa masa kanwa, da rani a koma ga harawa da ingirici. Mai doki da ya fito hawan salla da dabba ramammiya, ko mai gyambo a ƙarƙashin sirdi, ya jawo wa kansa abin kunya a bainar jama'a, kuma wannan kunyar ta yi aikin da tara ba ta yi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan holo a garin, wajen shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara da shi. Wannan ya ƙara wa kiwon dawaki daraja a Katsina. A Daura ma hawan salla da na Gani sun riƙe al'adar.

A kara, wato kasuwar dabbobi, dillali ne ke tsayawa shaida cewa dabba ba ta sata ba ce, kuma in aka ɓoye aibi mai saye na da ikon mayarwa. Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa suna sa ido a nasu ɓangaren. Kasuwanni irin su Mai'aduwa, Jibiya da Charanchi suna tafiya a kan wannan amana har yanzu.

Abin da ya fi kusa da aikin ceton dabba a al'adar ƙasar shi ne riƙon tsintuwa. Wanda ya wayi gari da baƙuwar akuya ko jaki a ƙofar gidansa yakan kai wa mai unguwa ko dagaci, a ɗaure a turke, a yi cigiya a masallaci da kasuwa, daga baya har a rediyo. Mai ita in ya zo da kamanni, ya biya kuɗin ciyarwa ya tafi da abinsa. Tsarin yana aiki ne ga dabba mai kuɗi. Ba a cigiyar kyanwa, kare kuma da wuya.

Dokokin gwamnati

Turawan mulki sun shigo harkar dabbobi ta ƙofar cuta. An buɗe sashen likitan dabbobi a Zariya wajen 1913 ko 1914, aka mayar da cibiyarsa Vom kusa da Jos a 1924, babban abin da ake yaƙa kuwa shi ne bushiya, annobar da ta ƙarar da shanu a ƙarshen ƙarni na 19. Dokar karnuka ta zo a farkon shekarun 1940, ta tanadi lasin da kama karen da ke yawo saboda ciwon hauka. Wannan gado ne ya ci gaba: dokar likitocin dabbobi ta 1969, da dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988 wadda aka sake yi a 2022 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari.

Maganar zalunci tana cikin dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960. Sashe na 207 ya hukunta duka da azabtar da dabba, da shirya faɗan zakaru ko karon raguna. Sashe na 208 ya hukunta lodin da ya wuce kima, da sa marar lafiya ko tsohuwa aiki, da sakacin da ke wahalar da dabba. Takwaransa a Kudu shi ne sashe na 495 na dokar laifuka ta can, mai ɗaurin wata shida ko tarar naira 50, kuɗin da yau ba ya sayen ƙwai ɗaya. Waɗannan dokoki suna hukunta laifi ne bayan ya auku. Ba su faɗi faɗin keji ba, ko sau nawa karya za ta haihu, ko kwana nawa kwikwiyo zai yi kafin a raba shi da uwa.

Mataki mafi tsauri da jihar Katsina ta ɗauka a kan cinikin dabbobi a shekarun baya shi ne rufe wasu kasuwanninsu a 2021, kuma dalilinsa tsaro ne da satar shanu. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo.

A wasu ƙasashe

Ingila ta yi dokar hana zaluntar dabbobin kiwo a 1822, aka kafa ƙungiyar kare su a Landan a 1824. Dokar 2018 ta wajabta lasin ga wanda karnukansa suka haihu sau uku ko fiye cikin wata 12, ba a sayar da kwikwiyo kafin mako takwas, kuma daga 2020 an hana 'yan tsakiya sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba. Sikotland ta sa gidajen ceto su ma cikin masu neman lasin a 2021, domin an sha ganin mai niyyar alheri ya tara dabbobin da suka fi ƙarfinsa. Amurka tana da dokar tarayya tun 1966. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne 'yanci biyar, wanda ya samo asali daga wani rahoton gwamnatin Birtaniya na 1965: kuɓuta daga yunwa da ƙishi, daga takura, daga ciwo, daga tsoro, da samun damar yin ɗabi'ar da aka halicci dabba da ita.

Masu kiwon sayarwa a yau

Ƙaruwar matsalar tsaro ta sa ana neman karnukan gadi na ƙasashen waje, kuma cinikinsu ya koma waya, ta WhatsApp da Facebook. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, don haka mai son riba yakan sa a yi mata barbara duk lokacin da ta nema, ba hutu. Kwiyakwiyan sukan iso cikin kwali a bayan mota, wasu ba su gama shan nono ba, kunnuwa cike da kaska, ba takardar allura. Bayan 'yan kwanaki sai amai da zawon jini su kama su, cutar da allurar rigakafi ke hanawa. Wasu nau'o'in masu gashi mai kauri an halicce su ne don ƙasashen sanyi, ga shi zafin bazara a Katsina yakan wuce digiri 40, ana ɗaure su da sarƙa ƙarƙashin kwano.

Masu tattabaru sun fi tsari, domin samarin da ke wannan kiwo sun san juna, kuma wanda ya sayar da marar lafiya sunansa ya ɓaci. Aku mai jan wutsiya kuwa yana ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1985, an kuma hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe tun farkon 2017.

Inda lamarin ya shafi ran ɗan Adam shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura cutar takan daina yawo. Cibiyar Vom tana yin allurar. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti nan take, domin in alamu suka bayyana da wuya a tsira.

Gidajen ceto

Ceton kyanwa da kare ya fi zama aikin ɗaiɗaikun mutane, galibi tsofaffin mata masu ajiye wa kyanwar unguwa ragowar tuwo da ruwa a kasko.

Saɓani

Masu kira a kafa lasin suna cewa zai hana yaɗuwar cuta da cutar da mai saye. Masu adawa suna ganin zai zama wani sabon haraji a kan talaka mai zomo biyu a bayan ɗaki. A tsakanin malamai, hukuncin kuɗin kare bai daina zama abin saɓani ba. Game da jaki, Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka shi don fata a watan Fabrairun 2024.