Rasidin Alhazai na Saudiyya

Rasidin alhazai, wanda Larabawa ke kira isalul hajji, wata takarda ce da Hukumar Kuɗi ta Saudiyya ta fara bugawa a shekarar 1953, wato 1372 bayan Hijira, domin sauƙaƙa wa mahajjata ɗaukar kuɗi. Ba a buga shi da sunan takardar kuɗi ba, amma shi ne ya zama mafarin kuɗin takarda a ƙasar, kuma a yau yana cikin tsofaffin takardun da masu tara kayan tarihi suka fi nema.

Kafin zuwansa, riyal na azurfa ake kashewa. Kowane riyal ɗaya nauyinsa ya haura giram 11, don haka alhajin da ya canza guzurinsa ya samu riyal 1,000 sai ya tsinci kansa da kaya mai nauyin fiye da kilo 11, ga zafin Makka, ga cunkoson Mina, ga tsoron ɓarayi. Jama'a kuwa ba su saba da kuɗin takarda ba. Hukumar, wadda aka kafa a 1952 a zamanin Sarki Abdul'aziz, sai ta fito da dabara: alhaji ya sayi rasidi, duk lokacin da ya so ya mayar a ba shi azurfarsa. Na farko na riyal 10 ne. A 1954 aka fito da na riyal 5 da sabon na riyal 10, sannan na riyal 1 a 1956. 'Yan kasuwa suka ga takardar ta fi sauƙin riƙewa, suka daina mayar da ita, ta shiga hannu zuwa hannu. An fitar da takardun kuɗi na hukuma a 1961, aka janye rasidin a 1965.

Abin da ya fi ɗaukar ido a jikinsa shi ne rubutu. An sa bayanin darajarsa da harsuna 6: Larabci, Farisanci, Turanci, Urdu, Turkanci da Malayanci. Wanda ya tsara shi ya san cewa baƙo ne zai riƙe shi, mutumin da jirgin ruwa ya sauke a Jidda jiya, wanda ake so ya yarda ya ba da azurfa ya karɓi takarda. Saboda haka aka jera harsunan a tsanake, aka kewaye su da siraran layuka masu sarƙaƙiya irin waɗanda ke da wuyar kwaikwayo, aka ɗora tambarin ƙasa, dabino bisa takubba biyu. A bugun 1954 an zana jiragen ruwa masu filafilai a gaɓar Jidda, wato abin da mafi yawan alhazai suka fara gani da isowarsu. Babu hoton mutum ko ɗaya a jiki. A ganina wannan kamewar ita ce kyansa: komai da aka sa yana da aikin da yake yi.

Hausa ba ta cikin harsunan shida, duk da cewa Hausawa sun daɗe suna ratsa Cadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu ma su zauna su hayayyafa a unguwanni irin su Jarwal a Makka. Sai dai wanda ya yi karatun allo ba ya rasa gane Larabcin da ke jiki. A gidajen irin waɗannan iyalai, idan aka buɗe adakar kaka, akan tarar da rasidi guda an ninke shi huɗu tare da tsohon fasfo, da takardar muɗawwifi (mai yi wa alhazai jagora a Makka) mai hatimin shuɗiyar tawada, da takardar shaidar aikin Hajji mai zanen Ka'aba da koren kubbar Madina. Jikoki su ce, “Hajiya, wannan kuɗin wace ƙasa ne?” Nan labarin tafiyar ƙafa ke farawa.

Wasu ƙasashe ma sun yi makamancin haka. Indiya ta buga takardun rufi 10 da rufi 100 musamman don alhazanta a 1959, lambobinsu na farawa da haruffan HA, Pakistan kuma ta yi nata tun daga 1950.

Masu tara irin waɗannan takardu suna duba tsabtar takardar, da kaifin kusurwoyinta, da ko launinta ya koɗe. Raɓar Jidda babbar abokiyar gabarta ce, haka ma hasken rana da salatif. Bai kamata a manne ta da roba mai zafi kamar yadda ake yi wa katin shaida ba, domin ba ta sake fita, darajarta kuma ta faɗi ke nan. An fi so a shimfiɗe ta a cikin leda ta musamman, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu.