Mai jakin Gallipoli: tambayoyi kan John Simpson Kirkpatrick

Wai wane ne wannan da ake ta yi wa mutum-mutumi da jaki a Ostireliya?

John Simpson Kirkpatrick ke nan, kuma shi ba ma ɗan ƙasar ba ne, ɗan Ingila ne, an haife shi a garin South Shields a 1892. Ɗan ci-rani ne zalla. Aikin jirgin ruwa ya kai shi Ostireliya a 1910, ya sulale ya bar jirgin ya shiga fafutuka, yau yana cikin ramin haƙar kwal, gobe yana saran rake, ya leƙa wajen masu haƙar zinari, ya koma zuba kwal a injin jirgi, duk yana tura wa mahaifiyarsa da ƙanwarsa abin da ya samu don babansu ya rasu tun 1909. Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa, kuma ni shi ya fi taɓa ni wallahi.

To me ya kai lebura soja?

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 sai ya ba da sunansa don shiga sojan Ostireliya a garin Perth, ya ce shi John Simpson ne kawai, ana ganin don kar a gane ya taɓa gudu daga jirgi. Ya sa rai za a kai su Ingila ya ga gida. Sai aka sauke su Masar, daga can sai Gallipoli a Turkiyya, ranar 25 ga Afrilu 1915. Aikinsa ɗaukar waɗanda suka ji rauni.

Ina jakin ya shigo?

Can ya tsinci jaki, dama tun yana yaro yana aiki da jakuna a bakin tekun garinsu. Sai ya riƙa ɗora masu raunin ƙafa yana gangarowa da su cikin kwazazzabo zuwa bakin ruwa, harsashi na zuba ta sama, safe da dare. Ranar 19 ga Mayu, ranar da sojojin Turkiyya suka kawo babban hari su ma suka rasa dubban mutane, harsashi ya same shi ya mutu. Shekararsa 22.

Da gaske ya ceci mutum 300?

Haka ake ta yaɗawa, amma masana tarihi sun ce lissafin bai yiwuwa, nisan hanyar da ɗan lokacin da ya yi a can, ƙasa da wata guda, ba za su ba da haka ba. Ni ban ga ya rage masa komai ba, ko mutum goma ne ai rai ne.

An karrama shi?

An ambaci sunansa a rahoton yabo na soja, amma lambar Victoria Cross, wato babbar lambar jarumta ta soja, bai samu ba, a 2013 ma wani kwamitin gwamnatin Ostireliya ya sake duba maganar ya ce a'a. Akwai mutum-mutuminsa a Canberra da Melbourne da garinsu South Shields, kabarinsa kuwa yana maƙabartar Beach Cemetery a Gallipoli.