Waiwaye: yadda toshe hanyar teku ya haifi sukarin beterab

Mai shayi a bakin Babbar Kasuwar Yamai ko a Katako, in ka tambaye shi daga ina sukari yake fitowa, zai ce daga rake, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai kusan kashi 20 cikin 100 na sukarin duniya saiwa ce ke ba da shi: farin beterab, ɗan uwan jan nan da ake yankawa cikin salak. Da ido ko da harshe ba a bambanta sukarinsa da na rake.

A 1747 wani masani a birnin Balin na Jamus, Andreas Marggraf, ya gano sukarin cikin saiwar iri ɗaya ne da na rake. Ɗalibinsa Franz Achard ya gina masana'anta ta farko a yankin Silesiya (yau cikin ƙasar Poland) a 1801, amma riba ba ta taka kara ta karya ba, don zaƙin saiwar a lokacin kaɗan ne.

Yaƙi ne ya ɗaga ta. Da Faransa da Ingila suka toshe wa juna hanyoyin teku a zamanin Napoleon, sarkin Faransa, sukarin rake na tsibiran Karebiya ya yi ɓatan dabo a kasuwannin Turai. A 1811 Napoleon ya ba da umarni a shuka beterab a eka dubbai, a farkon 1812 kuma ya je da kansa masana'antar sukarin beterab ta Benjamin Delessert ya maƙala masa lambar girma. Bayan faɗuwarsa rake ya dawo da arha, masana'antu da yawa suka rufe. Hana bauta a yankunan da Faransa ke yi wa mulkin mallaka a 1848 ya sake buɗe wa beterab kasuwa, tunda arhar rake gumin bayi ce. Zaɓen iri ya ƙarasa aikin: yau saiwar na ɗauke da sukari kashi 16 zuwa 18.

Aikin sarrafawar ba na gida ba ne. A wanke, a yanka siri-siri kamar taliya, a jiƙa cikin ruwan zafi ya tsotse zaƙin, a tace da farar ƙasa, a dafa har ya yi ƙwaya. Tukar da ta rage abincin shanu ce mai kyau. Baƙin ruwan zaƙin ana yin yis da barasar injin da shi. Saiwar ba ta jure ajiya cikin zafi, dole masana'anta ta kasance kusa da gona.

Tarayyar Turai ta kare manomanta da ƙa'idar ƙayyade yawan sukarin da kowace ƙasa za ta samar daga 1968 har zuwa 2017. Rasha, Faransa, Amurka da Jamus ne manyan masu nomansa, amma Masar da Maroko sun nuna ana iya shuka shi lokacin sanyi da ban-ruwa.

A nan Nijar, raken Gaya da na Matameye a baki yake ƙarewa ko a mazarƙwaila. Sukarin shayi da na kunun azumi daga waje yake zuwa. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, magidanta sun ji a aljihunsu. Wasu na cewa gonakin rani na Ƙonni za su iya noman beterab. A ganina ƙasa ba ita ce matsala ba: wanda ya noma albasar Galmi zai noma beterab. Ruwa, wutar lantarki da kuɗin gina masana'anta su ne ba a tanada ba tukuna.