Zuwa Sedona da hunturu don neman natsuwa: tambayoyi da amsoshi

Ina ne Sedona, kuma me ya sa duwatsunta suka yi ja?

Gari ne a jihar Arizona ta Amurka, tafiyar kamar awa 2 a mota daga Phoenix, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,300. Duwatsun yashi ne da ya dunƙule, tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ta rina shi.

Me ya sa hunturu?

Saboda shiru. A watan Janairu baƙi sun ragu, mutum kan samu gefen dutse ya zauna shi kaɗai ya yi tafakkuri. Da rana ma'aunin zafi kan kai kamar digiri 13 na Celsius, da dare ya faɗi zuwa sifili ko ƙasa. Dusar ƙanƙara kan sauka jefi-jefi, amma ba ta daɗewa.

Da gaske akwai wani ɓoyayyen ƙarfi a duwatsun, kamar yadda wasu suka yi imani?

Masu wannan imani na ambaton wurare huɗu: Cathedral Rock, Bell Rock, Airport Mesa da Boynton Canyon. Babu na'urar da ta tabbatar da shi. Abin da ke akwai dai shi ne sarari da iska mai tsafta, kuma waɗannan ba sai ka biya jagora ba. A yi hattara da masu sayar da "tsarkake ruhi": a 2009 mutum 3 sun mutu kusa da garin bayan an cusa su a bukkar turiri mai tsananin zafi.

Me ke ba baƙo matsala?

Ƙanƙara a inuwa. Ruwan da ya narke da rana kan daskare da dare a kan falalen dutse, ga santsi kamar sabulu, musamman a hawan Cathedral Rock inda sai ka haɗa da hannu. Kada ka hau da sassafe, bari rana ta ɗaga. Sa takalmi mai ƙaya a ƙasansa, da riguna uku da za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki ruwa lita 2 ko ba ka jin ƙishi, busasshiyar iska na tsotse jiki a ɓoye. A Disamba rana na faɗuwa kafin biyar da rabi, don haka tocila na cikin jaka.

Mota fa?

Hanyar 89A daga garin Flagstaff zuwa Sedona na da kwana-kwana, kuma tana daskarewa. Wuraren ajiye mota da dama a bakin hanyoyin dutse na buƙatar tikitin Red Rock Pass a jikin gilashi.